Jarabar ƙwaya da ƙwaƙwalwa

Jarabar ƙwaya yanayi ne da mutum ke kasa daina shan wani abu mai sa maye duk da ya san yana cutar da shi. Likitoci suna ɗaukar ta a matsayin cuta mai daɗewa wadda ke sauya aikin ƙwaƙwalwa, musamman sashen da ke kula da kwaɗayi da jin daɗi.

Hanyar lada

A shekarar 1954, James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill a Kanada sun dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera. Ɓeran ya riƙa danna maɓalli ba ƙaƙƙautawa don ɗan lantarkin ya taɓa wurin. Daga baya aka gano cewa wurin yana cikin wata hanya da ke aiki da sinadarin dofamin, wanda ke fitowa idan mutum ya ci abinci ko ya sha ruwa cikin ƙishi. Ana yawan kiran dofamin sinadarin daɗi, amma sunan bai cika dacewa ba. Binciken Wolfram Schultz a kan birrai ya nuna ya fi fitowa idan lada ya wuce abin da ake tsammani, wato aikinsa ya fi karkata ga koya wa ƙwaƙwalwa abin da za ta sake nema.

Ƙwayoyi suna tura wannan hanya fiye da kima. Hodar iblis tana hana jijiya mayar da dofamin ɗin da ta fitar, sai ya taru. Kodin kuwa hanta ce ke mayar da wani ɓangarensa mofin, shi kuma ya kwantar da jijiyoyin da ke taka wa dofamin birki. A 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa ke shan sa don maye.

Sabo da janyewa

Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa tana rage wuraren karɓar dofamin, kamar yadda hotunan ƙwaƙwalwa a binciken Nora Volkow suka nuna. Mai sha sai ya ƙara yawa kafin ya ji abin da yake ji da, abinci da hira kuma su daina yi masa armashi. Gaban ƙwaƙwalwa, mai auna shawara, shi ma yana yin rauni. Idan mai shan kodin ko tiramadol ya daina kwatsam, yakan yi gumi, ciwon jiki, gudawa da rashin barci. Ganin tsohon abokin sha ko wurin da aka saba sha kan iya tayar da kwaɗayin ko bayan shekaru. Don haka asibitoci ke haɗa magunguna irin su metadon da zaman ba da shawara na dogon lokaci.