Fim Mara Magana: Tarihin Wasa, Ba da Umarni da Tsara Labari

Fim mara magana shi ne irin fim ɗin da aka riƙa shiryawa daga 1895 zuwa wajejen 1930, kafin a gano dabarar haɗa muryar ɗan wasa da hotonsa. Ba a cikin shiru ake kallonsa ba. Ƙananan gidajen silima suna da mai kaɗa piyano, manya kuwa tawagar makaɗa guda suke ajiyewa. Muryar 'yan wasa ce kawai babu, sai ɗan rubutu da akan saka tsakanin fitowa da fitowa. Wannan rashi ne ya tilasta wa masu shirya fim neman hanyar ba da labari da hoto tsagwaronsa, kuma yawancin dabarun da darakta ke aiki da su yau, a Hollywood ne ko Mumbai ko Kano, a lokacin aka ƙirƙiro su. Kusan duk sun samo asali daga tambaya ɗaya: a ina za a kafa kyamara, nesa da ɗan wasa ko kusa da shi?

Ranar 28 ga Disamba 1895 wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wa jama'a finafinansu a Grand Café da ke Paris, kowa ya biya kuɗin shiga. Kowane fim bai kai minti ɗaya ba, kuma yawanci babu labari a ciki: ma'aikata suna fitowa daga masana'anta a Lyon, ana ba jariri abinci. Georges Méliès, wanda mai wasan rufa-ido ne tun asali, shi ya karkata fim zuwa ƙagaggen labari, kamar a Le Voyage dans la Lune na 1902. Sai dai kyamararsa tana kafe wuri ɗaya, tana ganin dandamalin gaba ɗaya daga nesa. Ɗan wasan da aka ɗauka daga kai har ƙafa ba shi da abin faɗar damuwarsa sai hannuwa da jiki, don haka 'yan wasan farko suka kwaso salon dandamali, wanda koyarwar Bafaranshe François Delsarte ta yi wa tasiri: baƙin ciki a dafe goshi, soyayya a dafe ƙirji, tsoro a ja da baya a ware idanu. Mai kallo na yau yakan yi dariya. Amma daga nisan da aka kafa kyamarar, da ɗan wasan ya tsaya ƙyam ba wanda zai san abin da ke damunsa.

A Amurka Edwin S. Porter ya nuna cewa za a iya yanka labari gunduwa-gunduwa a jera shi, a The Great Train Robbery na 1903. Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne D. W. Griffith, da ya yi wa kamfanin Biograph gajerun finafinai sama da 400 tsakanin 1908 da 1913, yawanci tare da mai ɗaukar hoto Billy Bitzer. Ba shi ya ƙirƙiro ɗaukar kusa ba, ko da yake ya yi iƙirarin haka. Abin da ya iya shi ne sanin lokacin da labari ke bukatarta. A The Lonedale Operator na 1911, Blanche Sweet ta fito a matsayin yarinya mai aikin wayar tangarahu a wata tashar jirgin ƙasa. Ɓarayi biyu suka ritsa ta, ta tsare su cikin duhu da wani abu da suka ɗauka bindiga ce. Griffith yana yankawa tsakanin yarinyar, ɓarayin da jirgin da ke gudu don kawo mata ɗauki, yana ƙara gajarta kowace fitowa. Da ɗaukin ya iso sai kyamara ta matso, aka ga ashe sifana ce a hannunta. In an cire wannan ɗauka ɗaya, labarin ya rushe.

Da kyamara ta matso, sai salon wasa ya canza dole. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma 'yan wasan da suka fahimci haka da wuri su suka yi fice. Asta Nielsen ta Denmak, tun daga Afgrunden na 1910, da Sessue Hayakawa ɗan Japan a The Cheat na 1915, sun rage motsin jiki suka bar ido da leɓe suna aiki. Lillian Gish a Broken Blossoms na 1919 ta fito a matsayin yarinyar da uba ke azabtarwa, wadda in ya ce ta yi murmushi sai ta sa yatsu biyu ta ɗaga gefen bakinta. Fuskar da aka gani kusa kuma ita ake ganewa, a so ta, a nemi sunanta. Da farko kamfanoni ba sa bayyana sunayen 'yan wasa. Zuwa 1919 taurari sun yi ƙarfin da Mary Pickford, Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks suka haɗu da Griffith suka kafa kamfaninsu, United Artists.

Mai auna aikin Griffith ba shi da hanyar kauce wa The Birth of a Nation na 1915. Fim ne na kusan awa uku, an tsara shi da gwaninta, kuma labarinsa ƙazami ne: ya nuna baƙaƙen Amurka a matsayin miyagu, Turawa ne ma suka shafa baƙi a fuska suka fito a manyan matsayin, sannan ya mayar da 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan jarumai. Dabarar nan ta yankawa tsakanin wanda aka ritsa da mai kawo ɗauki ita ya yi amfani da ita don mai kallo ya riƙa fatan isowar mahayan Klan. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta yi zanga-zanga, a shekarar kuma aka farfaɗo da Klan. Ba daidai ba ne a ce a yaba fasahar a ajiye saƙon gefe, domin fasahar ce ta sa saƙon ya shiga. Darakta baƙar fata Oscar Micheaux ya fitar da Within Our Gates a 1920, inda ya nuna su wa ke rataye wa a kudancin Amurka.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko Jamusawa suka bi wata hanya. A Das Cabinet des Dr. Caligari na 1920, Robert Wiene ya sa aka zana inuwa da fenti a jikin karkatattun bangaye, 'yan wasa kuma suka karkata jikinsu daidai da ginin. A nan wuce gona da iri da gangan ne, ba ragowar salon dandamali ba. F. W. Murnau ya fi shi zurfi. Fim ɗinsa Der letzte Mann na 1924 labarin wani tsohon mai tsaron ƙofar otal ne da duk mutuncinsa ke rataye da rigar aikinsa mai maɓallai masu walƙiya. Aka karɓe rigar aka mayar da shi kula da banɗaki. Emil Jannings, yana ɗan shekara 40, ya ba da labarin da kafaɗunsa: da riga yana tafe ƙirji a gaba, ba riga ya ranƙwafa kamar an zare masa ƙashin baya. Mai ɗaukar hoto Karl Freund ya raba kyamara da ƙafafunta, ta sauko cikin lif, ta ratsa zauren otal, ta yi tangaɗi lokacin da tsohon ya bugu. Fim ɗin kusan babu rubutu a cikinsa, kuma ba a rasa komai ba.

A Tarayyar Sobiyet kuwa tacewa aka ɗauka ita ce komai. An ruwaito cewa Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa Ivan Mosjoukine guda ɗaya, ya jera shi da kwanon miya, da gawar mace a akwati, da yarinya tana wasa. Masu kallo suka yaba yadda ya nuna yunwa, baƙin ciki da ƙauna, alhali fuskar ba ta canza ba. Sergei Eisenstein ya gina fim ɗinsa na jirgin yaƙi Potemkin, na 1925, a kan wannan tunani. Kisan da ya nuna a matakalar Odessa, da keken jariri yana gangarowa, bai faru haka a tarihi ba, amma mutane da yawa sun ɗauka ya faru.

'Yan barkwanci su ne suka ƙi bin kyamara zuwa fuska, kuma suna da hujja. A Steamboat Bill, Jr. na 1928 bangon gida na gaske ya faɗo kan Buster Keaton, ya tsira saboda yana tsaye daidai inda taga take. Da an yanka hoton ko an matso, mai kallo zai ce dabo ne. Chaplin kuma a City Lights na 1931 ya sha fama da matsala ɗaya: yaya makauniya mai sayar da fure za ta ɗauki matsiyaci a matsayin attajiri ba tare da an furta kalma ba? An ce ya maimaita ɗaukar fiye da sau 300. Mafitar ita ce ƙofar wata ƙasaitacciyar mota da ya ratsa ta cikinta don kauce wa ɗan sanda, yarinyar ta ji an rufe ta. A ɗaya ƙarshen akwai La Passion de Jeanne d'Arc na Carl Dreyer, 1928, wanda kusan duk fuskoki ne ba kwalliya. Har yau masu sharhi na sa wasan Renée Falconetti a ciki cikin mafi kyau da aka taɓa ɗauka.

Wasu wuraren murya ce ta cike gurbin. A Japan akwai benshi, mai tsayawa gefen allo yana ba da labarin yana kwaikwayon muryoyi, wasunsu har sun fi 'yan wasan suna.  A Najeriya majigin gwamnatin mulkin mallaka ma da mai fassara yake yawo, kuma William Sellers, jami'in lafiya da ya jagoranci sashen finafinan mulkin mallaka daga 1939, ya nace a guji dabarun kyamara, wai 'yan Afirka ba za su gane ba.

The Jazz Singer na Warner Bros. ya fito a Oktoban 1927, cikin 'yan shekaru Hollywood ta koma fim mai magana. Da farko ci baya aka samu: aka kulle kyamara cikin akwati don kada makirufo ya ɗauki ƙararta, 'yan wasa suka taru inda aka ɓoye makirufon. Jannings, wanda ya fara cin kyautar Oscar ta gwarzon jarumi a 1929, ya koma Jamus domin Turancinsa bai dace da sabon yayin ba.

Mai son auna waɗannan finafinai yau yana da tarnaƙi biyu. Da hannu ake juya kyamarar, sau da yawa hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa. In aka haska su da saurin fim mai magana, hoto 24, sai mutane su riƙa zabura, a ɗora wa 'yan wasa laifin da ba nasu ba. Na biyu, zaren fim na lokacin yana ruɓewa kuma yana kamawa da wuta. Rahoton Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya ce kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinai marasa magana na ƙasar sun salwanta. Theda Bara ta yi kusan fim 40 tana cikin manyan taurarin zamaninta, amma gobarar rumbun kamfanin Fox a New Jersey a 1937 ta cinye yawancinsu, har da Cleopatra na 1917 da 'yan guntaye kaɗan suka rage daga cikinsa.