Gidan da Makaɗa ke Zaɓen Jagora: Tarihin Kakar Kiɗa ta Viyana

Ranar Lahadi da ƙarfe 11 na safe, a babban zauren Musikverein da ke Viyana, babban birnin Ostiriya, makaɗa kusan ɗari sukan zauna cikin baƙaƙen kaya, kowa da abin kiɗansa. Sai wani mutum ya fito riƙe da siririyar sanda, tafi ya ɓarke, ya ɗaga hannu, zauren ya yi tsit. Wanda bai sani ba zai ɗauka maigidan ne ya iso, alhali kuwa baƙo ne. Waɗanda ke zaune a gabansa su suka gayyato shi, su za su biya shi, kuma bayan 'yan makonni wani ne daban zai tsaya a wurin. Ƙungiyar makaɗan Filhamonik ta Viyana ba ta da jagora na dindindin tun 1933. Kakar kiɗanta, wadda ke da manyan wasanni goma da ake yi da yammacin Asabar a maimaita da safiyar Lahadi, a hannun baƙi take daga farko har ƙarshe: baƙin jagorori, da baƙin gwanayen da ke kiɗan tilo a fiyano ko gogen Turawa, ƙungiya na amsa musu.

Asalin lamarin wani giɓi ne mai ban mamaki. Viyana gari ne da Haydn da Mozart da Beethoven da Schubert suka zauna suka yi aiki, amma har Beethoven ya mutu a 1827 babu wata ƙungiyar ƙwararru da aka kafa musamman don kaɗa simfoni, wato dogon kiɗan da ake rubutawa domin makaɗa masu yawa. Duk mai son a ji sabon kiɗansa sai ya yi hayar zaure, ya tattaro makaɗa daga nan da can, gwanaye da 'yan koyo, a yi bita sau ɗaya ko biyu a fito. Ƙwararru na haƙiƙa suna gidan opera na fadar sarki, inda aikinsu shi ne raka mawaƙa a ƙarƙashin dandali kowane dare. A 1833 Franz Lachner ya gwada fito da su su yi wasan kansu, amma abin bai yi nisa ba.

Wanda ya dace shi ne Otto Nicolai, Bajamushe matashi da aka naɗa jagoran kiɗan gidan opera a 1841. Ranar 28 ga Maris 1842 ya tara makaɗan gidan a babban zauren Redoutensaal na fada, suka kaɗa simfoni na bakwai na Beethoven da wasu kiɗe-kiɗe. Daga wannan rana ake ƙirga shekarun ƙungiyar, kuma a shekarar ne Filhamonik ta New York ma ta kafu. Ƙa'idojin da aka shimfiɗa a lokacin sun fi wasan kansa tasiri: ba mai shiga sai makaɗin gidan opera, ƙungiya ita ke da iko da kuɗinta da zaɓen kiɗanta, duk wata babbar shawara da ƙuri'a ake yanke ta, harkokin yau da kullum kuma kwamitin da makaɗa suka zaɓa daga cikinsu ke gudanarwa. A daular da sarki da 'yan sandan ciki ke sa ido kan kowane taro, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, ko da yake abin da ya fi jan makaɗan shi ne ribar da za su raba a kan albashin da bai isa ba.

Nicolai ya bar Viyana a 1847, ya mutu bayan shekara biyu, ƙungiyar ta kusa bin sa. Sai jefi-jefi ake wasa har tsawon shekara goma sha biyu.

Abin da ya farfaɗo da ita dabara ce ta kasuwa. Ranar 15 ga Janairu 1860, a ƙarƙashin Karl Eckert, aka fara jerin wasanni huɗu da mai kallo zai biya kuɗinsu gaba ɗaya tun kafin a fara. Kuɗi a hannu ya ba makaɗa damar tsara shekara, mai kujera kuma ya san kujerarsa. Wannan ita ce kakar kiɗa da ake yi har yau. Otto Dessoff ya riƙe ta daga 1860 zuwa 1875, kuma a zamaninsa ƙungiyar ta koma sabon ginin Musikverein da Theophil Hansen ya zana, wanda aka buɗe a Janairun 1870. Zauren dogo ne kamar akwati, an yi masa ado da ruwan zinariya, kujerunsa sun haura 1,700, kuma masana sauti har gobe suna sa shi a sahun farko a duniya. Tsarin wancan lokaci shi ne makaɗa su zaɓi jagora guda na kaka ɗaya, in sun gamsu su sake zaɓensa.

Hans Richter ya fi kowa daɗewa a ƙarni na 19, daga 1875 zuwa 1898, ban da kaka ɗaya da ya yi fushi ya ja da baya. A hannunsa duniya ta fara jin simfoni na biyu da na uku na Brahms, a 1877 da 1883, da na takwas na Bruckner a 1892. Wagner da Verdi da Liszt da Brahms kansa duk sun tsaya a gaban ƙungiyar, wasu da sanda, wasu a kan fiyano. Labarin da aka fi maimaitawa kuwa na baƙon gwani ne. A Disamban 1881 wani mai goge ɗan Rasha, Adolf Brodsky, ya zo da kiɗan da Tchaikovsky ya rubuta wa goge da ƙungiya, wanda gwanin da aka fara sadaukar masa ya ƙi taɓawa. Zauren ya rabu biyu, masu tafi da masu ihu, babban mai sharhi na garin, Eduard Hanslick, ya rubuta cewa kiɗa ne da kunne ke jin warinsa. Yau da wuya a sami mai goge da ya isa a kira shi gwani bai kaɗa shi ba. Wannan shi ne amfanin baƙo: yakan shigo da abin da 'yan gida ba za su ɗauko da kansu ba.

Bayan Richter sai Gustav Mahler, kuma nan ne tsarin ya gamu da jarrabawa. Mahler shi ne shugaban gidan opera, wato da dare shi ne ubangidan makaɗan, mai ɗauka mai kora, da rana kuma su ne suka zaɓe shi. Mutum ne mai tsanani, ba ya gajiya da bita, har yakan yi gyare-gyare a rubutun Beethoven, abin da ya harzuƙa masu sharhi da wasu daga cikin makaɗansa. Shi ya fara fitar da ƙungiyar ƙasar waje, zuwa babban bajekolin duniya na Paris a 1900, amma zaman bai yi daɗi ba, ya ajiye a 1901. Daga 1903 zuwa 1908 makaɗan suka ɗanɗana zama ba jagora guda, baƙi suna karɓa-karɓa, sannan suka koma tsohon tsari da Felix Weingartner, wanda ya shekara 19 ya kuma kai su Kudancin Amurka a 1922. Wilhelm Furtwängler ya biyo baya, sai Clemens Krauss. Da zama da Krauss ya yi tsami a 1933, shugaban kwamitin makaɗa, Hugo Burghauser, mai busa ne a cikin ƙungiyar, ya ja ra'ayin 'yan uwansa ga rufe kujerar baki ɗaya. A shekarar Arturo Toscanini ya zo daga Italiya a matsayin baƙo, zauren ya cika maƙil, gardama ta ƙare.

Mulkin kai bai hana ƙungiyar faɗawa cikin ƙazamin tarihi ba. Da Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938, aka kori makaɗa 13 saboda Yahudawa ne ko suna da alaƙa da Yahudawa, 'yan ƙungiyar biyar kuma suka mutu a hannun 'yan Nazi. Arnold Rosé, wanda ya haura shekara 50 a kujerar shugaban masu goge, ya tsere Landan, 'yarsa Alma ta mutu a sansanin Auschwitz a 1944. Burghauser ma gudun hijira ya yi. Sai a 2013, bayan matsin lamba, ƙungiyar ta bar masana tarihi suka bayyana abin da ke cikin takardunta: a 1942, makaɗa 60 cikin 123 'yan jam'iyyar Nazi ne. A shekarar ta soke lambobin yabon da ta ba wasu jiga-jigan jam'iyyar, har da Baldur von Schirach, gwamnan Viyana da aka kwashe dubban Yahudawan garin a ƙarƙashinsa. Shahararren wasan sabuwar shekara ma a wannan zamani aka haife shi, ranar 31 ga Disamba 1939, Krauss na jagoranta, kuɗin kuma ya tafi asusun agajin hunturu na 'yan Nazi.

Bayan yaƙi tsarin baƙi ya zauna daram. Karl Böhm da Herbert von Karajan sun zama kamar 'yan gida ba tare da an ba su mukulli ba. Leonard Bernstein, Bayahude ɗan Amurka, ya fara zuwa a 1966, ya kuma yi ta fama da makaɗan har suka rungumi simfonin Mahler, wanda 'yan Nazi suka haramta, garinsa kuma ya yi watsi da shi. Masu kare tsarin suna cewa shi ya sa sautin Viyana bai sauya da sauyin jagora ba: yana hannun makaɗa, malami na miƙa wa almajiri, har ƙahon da suke busawa da wata sarewarsu ƙirar Viyana ce da sauran ƙungiyoyi suka daina amfani da ita. Masu suka kuma suna cewa jagoran mako ɗaya ba ya iya gyara abin da ya lalace, kuma ƙungiyar da ke gidan opera kusan kowane dare ba ta da isasshen lokacin bita. Duka biyun suna da gaskiya, kuma mai sauraro kan gane ranar da baƙon ya burge makaɗan da ranar da kawai suka yi masa kara.

Wasan sabuwar shekara shi ya fi jinkirin shiga layi. Willi Boskovsky, ɗan gida, ya jagorance shi daga 1955 zuwa 1979 da gogensa a hannu, Lorin Maazel ya riƙe daga 1980 zuwa 1986. Daga 1987, lokacin da aka gayyaci Karajan tare da mawaƙiya Kathleen Battle, kowace shekara makaɗa ke zaɓen wanda zai zo. Carlos Kleiber ya yi sau biyu, Seiji Ozawa ɗan Japan ya yi a 2002, Gustavo Dudamel ɗan Benezuwela ya yi a 2017 yana da shekara 35, Riccardo Muti kuwa sau bakwai zuwa 2025, har da na 2021 da aka yi a zauren da babu kowa saboda annobar korona. Ana nuna wasan ta talabijin a ƙasashe kusan 90, tikitinsa kuma sai da ƙuri'a. Kujerar kakar Asabar da Lahadi ta fi wannan wuya, don mai nema kan yi shekaru yana jira.

Ƙuri'ar da ta ba makaɗan 'yanci ita ce kuma ta daɗe tana rufe ƙofa. Har yau sai mutum ya ci jarrabawar shiga ƙungiyar gidan opera, ya yi shekara uku, kafin ya nemi zama cikakken ɗan ƙungiya, mata kuwa ba a karɓe su ba sai a Fabrairun 1997, ana gab da tafiya Amurka inda ƙungiyoyin mata suka shirya zanga-zanga. Ta farko ita ce Anna Lelkes, wadda ta riga ta haura shekara 20 tana kaɗa musu haf, babban abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa, ba tare da sunanta yana cikin jerin 'yan ƙungiya ba. Simone Young 'yar Ostireliya ta jagorance su a 2005, Albena Danailova 'yar Bulgeriya kuma ta hau kujerar da Rosé ya taɓa zama. A wasan sabuwar shekara na 2025 aka fara kaɗa kiɗan da mace ta rubuta, wani kiɗan rawa na Constanze Geiger, 'yar Viyana ta ƙarni na 19. Sandar wannan wasa kuwa, har zuwa na 2026 da Yannick Nézet-Séguin ɗan Kanada ya jagoranta, makaɗan ba su taɓa miƙa wa mace ita ba.