Yadda ake sa ido a kan dukiyar ƙungiyoyin agaji a Birtaniya

A yankunan Ingila da Wales kaɗai akwai ƙungiyoyin agaji masu rajista kimanin dubu 170, waɗanda kuɗin da suka shiga hannunsu a shekara ta 2023 suka haura fam biliyan 80. A cikinsu akwai manya irin su Oxfam da Save the Children da Islamic Relief, akwai kuma dubban masallatai da majami'u da ƙananan ƙungiyoyin unguwa da ba su da ko ma'aikaci ɗaya mai albashi.

Dukkansu dai doka ɗaya ce ke kansu: dukiyar da ke hannunsu amana ce, kuma wajibi ne su bayyana wa jama'a yadda suka yi da ita. Wannan ne ya sa riƙe lissafin ƙungiyar agaji ya zama fanni mai zaman kansa a aikin akanta a ƙasar, da ƙa'idojinsa da takardun shaidarsa.

Hukumar da ke sa ido

Tarihin lamarin ya faro ne tun shekara ta 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, lokacin da majalisa ta yi dokar hana karkatar da dukiyar da mutane suka bari domin ayyukan alheri. A shekara ta 1853 aka kafa hukumar da ake kira Charity Commission, sa'annan dokar 1960 ta ɗora mata nauyin buɗe rajista. A yau hukumar tana aiki ne bisa dokar 2011, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2016 da 2022. Scotland da Ireland ta Arewa kowacce na da tata hukumar.

Duk ƙungiyar da kuɗin shigarta suka wuce fam dubu biyar a shekara sai ta yi rajista, in ban da wasu rukunoni da doka ta keɓe. Waɗanda doka ta wajabta wa miƙa rahoto suna da wata goma bayan ƙarewar shekarar kuɗinsu. Rahoton yana fita a shafin hukumar na intanet, kuma idan ƙungiya ta makara, kowa zai ga hakan a jikin sunanta. Mai niyyar ba da sadaka yana iya dubawa kafin ya sa hannu a aljihu.

Hukumar na da ikon buɗe bincike, da rufe asusun banki, da dakatar da shugabanni, da naɗa manajan riƙon ƙwarya. Tun daga 2016 kuma tana iya yi wa ƙungiya gargaɗi a bainar jama'a, ko ta haramta wa mutum riƙe amanar kowace ƙungiyar agaji har na tsawon shekara 15.

Kuɗi ba iri ɗaya ba ne

Akantan da ya saba da aikin kamfani, abin da ya fi damunsa shi ne riba da faɗuwa. A ƙungiyar agaji tambayar farko ita ce: wane ne ya ba da kuɗin, kuma da wane sharaɗi?

Kundin ƙa'idojin da ake bi, wanda aka fi sani da SORP, ya kasa dukiyar ƙungiya gida uku. Akwai kuɗin da ba a gindaya musu sharaɗi ba, waɗanda shugabanni za su iya kashewa a kan kowace manufa ta ƙungiyar. Akwai kuɗin da mai bayarwa ya ɗaure da wata manufa. Sai kuma dukiyar da aka ajiye domin a riƙa cin amfaninta, wadda a wasu lokutan ba a yarda a taɓa uwar kuɗin ba ko kaɗan. Duk wanda ya karanta babin wakafi a littattafan fiƙihu ba zai ga wannan kashi na uku a matsayin baƙon abu ba.

Kashi na biyu ne ya fi jefa ƙungiyoyi cikin rikici. Alal misali, idan ƙungiya ta yi yekuwar tara gudummawa domin waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Turkiyya, ba ta da hurumin ɗaukar kuɗin ta haƙa rijiya a wata ƙasa, komai tsananin buƙatar rijiyar. Idan kuɗin suka yi rara, ko aikin ya gagara, akwai matakan doka da za a bi kafin a sauya musu hanya, kuma sau da yawa sai da amincewar hukuma. Kashe su ba bisa sharaɗi ba cin amana ne a idon doka, ko da babu wanda ya sa ko sisi a aljihunsa.

Ga ƙungiyoyin Musulmi, abin ya zo daidai da abin da addini ya riga ya tanada. Zakka tana da rukunoni takwas na waɗanda suka cancanta, kuɗin layya kuma suna da lokacinsu. Dokar Birtaniya ba ta ambaci zakka ba, amma da zarar an karɓi kuɗi da sunanta, sharaɗin mai bayarwa ya hau kan ƙungiyar. Ke nan akantan irin wannan ƙungiya yana buƙatar sanin ƙa'idar lissafi, da kuma fatawar malaman da ƙungiyar take bi, misali game da kason masu aikin tattarawa.

A nan ne ma ake taƙaddama a kan tallan da wasu ƙungiyoyi suke yi cewa duk abin da aka ba su, ɗari bisa ɗari, yana isa ga mabuƙata. Babu ƙungiyar da ke aiki ba tare da hayar ofis da albashi da kuɗin aika kaya ba. Galibi ana biyan waɗannan ne daga wata kafa, musamman tsarin Gift Aid da aka ɓullo da shi a 1990, wanda ke bai wa ƙungiya damar karɓar ƙarin kwabo 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar. Wannan ba laifi ba ne, amma ya kyautu mai karanta rahoto ya ga an faɗe shi ƙarara.

An fara fitar da kundin SORP a 1988, an kuma sake shi sau da dama, ciki har da 1995 da 2005 da 2015. Na baya-bayan nan ya fara aiki daga watan Janairun 2026. Ya raba ƙungiyoyi hawa uku gwargwadon kuɗin shigarsu, inda hawa na farko ya tsaya a fam dubu 500, na uku kuma ya fara daga sama da fam miliyan 15, domin kada a ɗora wa ƙaramar ƙungiya kayan babba.

Su wa ke duba littattafan?

Girman ƙungiya ne ke nuna irin binciken da za a yi mata. Ƙananan cikinsu ba sai wani na waje ya duba musu ba. Matsakaita suna kiran mai dubawa mai zaman kansa, wanda aikinsa bai kai zurfin na odita ba. Manya kuwa sai cikakken binciken odita. A 2015 an sa iyakar hakan a kan kuɗin shiga fam miliyan ɗaya, sa'annan a 2025 gwamnati ta sanar da ƙudurin ɗaga ta zuwa miliyan ɗaya da rabi.

Odita da mai dubawa ba ga ƙungiyar kaɗai suke da alhaki ba. Idan suka ci karo da alamar zamba, ko halatta kuɗin haram, ko tallafa wa ta'addanci, doka ta wajabta musu su sanar da hukuma kai tsaye, ko da shugabannin da suka ɗauke su aikin ba su so ba.

Sai dai tanadin doka daban, ingancin aiki daban. Wani nazari da hukumar ta wallafa a 2019 ya gano cewa kusan rabin rahotannin kuɗin da ta duba ba su cika ma'aunin da ta gindaya ba, duk da cewa wani na waje ya sa musu hannu, kuma matsalar ta fi ƙamari a ƙananan ƙungiyoyi.

Ƙaro ilimi bayan samun shaida

Saboda haka ne ƙungiyoyin akantoci suka mayar da hankali ga horarwa. Cibiyar ƙwararrun akantoci ta Ingila da Wales, wato ICAEW, ta samar da difloma ta musamman a kan lissafin ƙungiyoyin agaji, wadda ake taƙaitawa da DChA. Makarantar koyon kasuwanci ta Bayes da ke London, wadda kafin 2021 ake kira Cass, tana da cibiyar da ke koyar da shugabanci da sarrafa kuɗin irin waɗannan ƙungiyoyi a matakin gaba da digiri. Akwai kuma Charity Finance Group, da ke haɗa jami'an kuɗi na ƙungiyoyin, da ACIE, ta masu duba lissafi masu zaman kansu.

Samun takardar shaida ba shi ne ƙarshen karatu ba. Ƙungiyar ACCA tana buƙatar mambanta ya yi awa 40 na ƙarin ilimi a kowace shekara, 21 daga ciki da hujjar da za a iya tantancewa. Ita ma ICAEW ta tsaurara nata sharuɗɗan daga watan Nuwamban 2023, ta wajabta adadin awoyi da darasi a kan ɗa'ar aiki.

To amma alhakin ƙarshe ba a wuyan akanta yake ba. Yana kan amintattu ne, wato mambobin kwamitin da ke jan ragamar ƙungiya, waɗanda akasarinsu 'yan sa-kai ne da ba a biyansu. Su ne doka ta ɗora wa kare dukiya, da kauce wa cuɗanya amfanin ƙungiya da na kai, da tabbatar da cewa jama'a na cin moriyar aikin. Abin mamaki, babu wata jarrabawa ko horo da doka ta wajabta wa mutum kafin ya zama amintacce. Hukumar tana wallafa jagora, akwai kuma kundin kyakkyawan shugabanci da aka fara fitarwa a 2005, amma binsa ganin dama ne. Dattijon da ya shekara ashirin yana riƙe da asusun masallaci bisa gaskiya yana iya karya doka ba tare da ya sani ba, kuma a nan ne babban giɓin tsarin yake.

Darussa masu ɗaci

Babu labarin da ake yawan kawowa a azuzuwan horo kamar na Kids Company, ƙungiyar tallafa wa yara da Camila Batmanghelidjh ta kafa a London a 1996. Ta samu sama da fam miliyan 40 daga gwamnati a tsawon rayuwarta, amma ta rufe a watan Agustan 2015, kwanaki kaɗan bayan an ba ta ƙarin fam miliyan uku. Gwamnati ta nemi kotu ta haramta wa shugabanninta riƙe kamfani, sai dai a 2021 babbar kotu ta yi watsi da ƙarar, har ma ta yaba da gaskiyarsu. Duk da haka an yi ittifaƙi a kan cewa ƙungiyar ba ta da isassun kuɗin ajiya na ko-ta-kwana. Abin da ya shigo, shi ke fita, don haka da masu ba da gudummawa suka ja da baya, sai ta durƙushe. Tun daga nan batun ajiya ya zama tambayar da ake yi wa kowane kwamitin amintattu.

Ita kuwa Oxfam, ba kuɗi ne suka jawo mata ba. A 2018 jaridar The Times ta fallasa yadda wasu ma'aikatanta suka yi lalata a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, kuma a 2019 hukumar ta yi mata gargaɗi a hukumance saboda yadda ta tafiyar da batun. Haka nan Muslim Aid, wadda aka kafa a 1985, an naɗa mata manajan riƙon ƙwarya a 2016 saboda rauni a harkar shugabanci da kula da kuɗi, kafin a sake mata tsari da sabbin amintattu.

Ƙungiyoyin Musulmi na da ƙarin wani nauyi tun bayan harin 11 ga Satumban 2001. A 2014 bankin HSBC ya rufe asusun wasu daga cikinsu, har da masallacin Finsbury Park da Ummah Welfare Trust, ba tare da an same su da laifi ba. A 2016 hukumar FATF, mai tsara ƙa'idojin yaƙi da halatta kuɗin haram a duniya, ta janye kalamanta na cewa ƙungiyoyin agaji sun fi kowa hatsarin faɗawa hannun 'yan ta'adda. Amma har yanzu bankuna na ɗari-ɗari da aika kuɗi zuwa yankunan yaƙi, kuma tsaftataccen lissafi shi ne hujja mafi ƙarfi da ƙungiya ke iya gabatar musu.

Inda lamarin ya taɓa Afirka ta Yamma

Dokar ba ta tsaya a gaɓar teku ba. Ƙungiyar Birtaniya da ta aika kuɗi waje, kamar Islamic Relief da aka kafa a Birmingham a 1984 kuma take aiki a Nijar da Mali da Sudan, dole ne ta iya nuna inda suka ƙare. Shi ya sa ƙungiyoyin gida da ke aiki da irin waɗannan suke shan tambayar rasit da sunayen waɗanda suka amfana, abin da wasu ke ɗauka rashin yarda ne.

A Nijeriya an gwada ɗaukar wani abu daga wannan salo, an kuma sha da ƙyar. A watan Janairun 2017 wata ƙa'ida ta hukumar kula da rahoton kuɗi, mai iyakance wa'adin shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba zuwa shekara 20, ta sa Fasto Enoch Adeboye ya sanar da naɗa wani ya shugabanci cocinsa a Nijeriya. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta dakatar da ƙa'idar, ta kuma sallami shugaban hukumar, Jim Obazee.

Sai kuma dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020. Sashe na 839 ya bai wa hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ikon dakatar da amintattu da naɗa manajan riƙo, kusan irin ikon da takwararta ta Birtaniya take da shi. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da ƙungiyoyin farar hula da dama sun yi tir da shi, suna masu cewa gwamnati na iya amfani da shi wajen rufe bakin masu sukarta. A 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa sashen ya saɓa wa 'yancin addini da na kafa ƙungiya da tsarin mulkin ƙasar ya tanada.