Cikar Kogi da Kakar Kokawa

A Yamai, hunturu kan zo tare da cikar kogin Isa, domin ruwan da aka zuba a tsaunukan Gini tun damina sai wajen Disamba ko Janairu yake iso mana. Kifi ya bazu, kamu ya ragu, sarkawa su koma gyaran taru da jirage. A da, dara da tatsuniya a bakin wuta ke cinye lokacin, sai kokawar ƙauye bayan girbi.

A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka mai da kokawar nan gasar ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko. Har yau, idan gasar ta kankama, ɗalibaina a Wadata jikinsu kawai ke aji. Ni ma, in faɗi gaskiya, kunnena yana wajen rediyon maigadi.