Tarihin Ƙa'idojin Miƙa Wanda Ake Tuhuma Tsakanin Jihohin Amurka

A ƙasar Amurka kowace jiha tana da gwamnanta da kotunanta da dokokinta na laifi, kuma ikon ɗan sandan jiha a kan iyakarta yake ƙarewa. Saboda haka tun kafuwar ƙasar aka sami matsala: in aka tuhumi mutum a wata jiha ya gudu zuwa wata, wa zai kama shi, ta wace hanya kuma za a mayar da shi?

Tsarin mulkin 1787, a sashe na 4, ya ce za a miƙa irin wannan mutum in hukumar jihar da ya baro ta nema, amma bai fayyace hanya ba. A shekarar 1791 gwamnan Pensilbaniya, Thomas Mifflin, ya nemi Firjiniya ta ba shi mutum uku da ake zargi da sace wani baƙar fata, John Davis, da mayar da shi cikin bauta. Firjiniya ta ƙi. Maganar ta kai gaban Shugaba George Washington, shi kuma ya miƙa wa majalisa, aka zartar da dokar 12 ga Fabrairu 1793. Ita ce kuma ta ba iyayengiji ikon kamo bayin da suka tsere.

Dokar ta ce gwamna ne zai nema daga takwaransa, tare da takardar tuhuma ko ta rantsuwa gaban alƙali, wadda ya tabbatar da ingancinta. Daga nan sai a tsare mutumin, jihar da ta nema ta aiko wakili ya karɓe shi, ita ce kuma za ta biya kuɗin ɗawainiya. In wakili bai zo cikin wata shida ba, ana iya sakinsa. Daga baya an rage wa'adin zuwa kwana 30.

To, in gwamna ya ƙi fa? A 1861 Kentaki ta kai ƙarar gwamnan Ohayo, William Dennison, don ya ƙi miƙa Willis Lago, ɗa baƙar fata da ake zargi da taimakon wata baiwa ta gudu. Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne gwamna ya miƙa, sai dai gwamnatin tarayya ba ta da ikon tilasta masa. Haka aka zauna shekara 126, har 1987, lokacin da kotun ta soke wannan hukunci a shari'ar Puwato Riko da gwamnan Ayowa, ta ce kotunan tarayya suna iya ba gwamna umarni.

Kafin nan, a 1978, kotun ta taƙaita binciken alƙalin jihar da aka gudo ga abu huɗu: ko takardun sun cika, ko lalle ana tuhumar mutumin, ko shi ne aka ambata, ko kuma ya baro jihar da ke nemansa. Batun ko ya aikata laifin, wannan na kotun da ke jiransa ne.

A nan akwai abin lura ga masu tsara kalmomin shari'a da littattafan yaƙi da jahilci. Cewa "miƙa mai laifi" ya yanke hukunci tun ba a zauna ba, alhali galibi tuhuma ce kawai. "Miƙa wanda ake tuhuma" ya fi dacewa da ma'anar dokar.