Gidan Mari

Gidan mari wuri ne da iyaye ke kai kangararrun yara da masu shaye-shaye domin gyaran tarbiyya, galibi a hannun malamin allo. An daɗe ana yin haka a ƙasar Hausa, inda akan ɗaure ƙafafun yaro da ƙarfe don kada ya gudu.

Asirin gidajen ya tonu a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka kai samame wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300. Akwai ƙananan yara a cikinsu, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a gadon baya, wasu kuma suka ce an yi lalata da su. A watan Oktoba aka ceto mutum 67 a Daura, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, abin da ya ƙara wa maganar zafi. Daga nan gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje a Kano.

Gidajen dai ba a ɓoye suke ba. Kowa a unguwa ya san da su. Sai dai taɓa malami mai ɗimbin mabiya abu ne da ɗan siyasa ke shakka, balle idan zaɓe na tafe. Najeriya ta yi Dokar Kare Haƙƙin Yara tun 2003, amma sai a 2023 Kano ta sa hannu a kan tata, wadda ta shafi ƙananan hukumomi 44.