Bankin Arewa: Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Haɗakar 2006

Banki ya biyo gyaɗa ne zuwa Kano. Bayan layin dogo ya iso birnin a 1911, kamfanonin Turawa suka yi ca a kan gyaɗar da manoman ƙasar Kano ke nomawa, har da ta yammaci irin su Gwarzo da Kabo. Daga baya Bank of British West Africa, wanda yanzu ake kira First Bank, ya buɗe reshe a Kano. Sai dai ba don manomin ƙauye aka buɗe shi ba. Shi dai nasa ya kai buhu gaban sikeli, a ƙirga masa sulalla, ya koma gida ya zuba a tukunya ya binne, ko ya sayi ɗan maraƙi ya ɗaure.

Ko manyan attajirai ma sun daɗe suna ɗari-ɗari. Labarin da ya fi shahara shi ne na Alhassan Ɗantata, wanda a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa bankin a kan raƙuma 20.

Ajiya kam ana karɓa, amma rance sai Bature ko Kwara. Ɗan kasuwar Bahaushe da ke son jarin sayen gyaɗa ko fata dole ya raɓu da wani kamfani ya ci bashi a hannunsa, a kan sharaɗin da kamfanin ya ga dama. Wannan ƙuncin ne gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta so ta warware, ganin Yamma tana da National Bank, Gabas kuma tana da African Continental Bank. Aka yi wa Bank of the North rajista a 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, ya kuma buɗe ƙofa a 1960, hedkwatarsa a Kano. An kafa shi ne tare da Intra Bank na Lebanon, wanda ya durƙushe a 1966, bankin Arewa kuwa ya tsira.

Da aka rarraba Jihar Arewa a 1967, jihohin da suka fito daga cikinta suka gaji mallakarsa. Nan ya bunƙasa. Albashin malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi ya riƙa bi ta cikinsa, shirin kai bankuna karkara da aka fara a 1977 kuma ya tura rassa zuwa garuruwan da ba su taɓa ganin kanta da kashiya ba. Mutane da yawa a nan suka fara riƙe littafin ajiya, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa.

Mallakar gwamnati ita ce ƙarfinsa, ita ce kuma ta raunana shi, domin bashin da aka bai wa masu uwa a gindin murhu ba kasafai yake dawowa ba. A 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankin Arewa bai iya shi kaɗai ba. Ya haɗe da wasu bankuna 8, ciki har da Tropical Commercial na Kano da Intercity, aka samu Unity Bank a 2006. Abin takaici ne a ce jihohi 19 sun kasa riƙe abin da gwamnati ɗaya ta kafa da kuɗin gyaɗa da auduga.

Akwai kuma waɗanda tun farko suka ƙi banki saboda kuɗin ruwa. Su sai a 2012 suka samu mafita, da Jaiz ya fara aiki a Abuja da Kaduna da Kano. A ƙauyukan Gwarzo da Kabo kuwa, mata na nan da adashinsu, cirar kuɗi da turawa kuma yanzu galibi wurin mai POS ake yi a bakin kasuwa, ana biyansa ladan kowace cira.